Kama Da Wane Ba Ta Wane: Kaza Da Bitamin D

Yau ɗakin kaji zan kai ku, saboda wani abu da ya faru da kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya kusa cinye masa guminsa na shekara 35.

Da Kawu ya ajiye aikin gwamnati, kuɗin sallamarsa ya tattara ya zuba a kiwon kajin ƙwai guda 400 a wani fili da yake da shi a bayan gari. Ya gina dogon ɗaki mai rufin kwano, ya jera kejuna, ya ɗauki yaro ɗaya mai ba da abinci da kwasar ƙwai. Watannin farko harka ta yi kyau, masu shayi da masu kanti suna layi. Da buhun abincin kamfani ya yi tsada, sai ya bi sahun masu kiwo da dama, ya koma haɗa abincinsa da kansa: masara, waken suya, tunkuza, dusar alkama, farar ƙasa, garin ƙashi, gishiri, da ɗan garin nan na bitamin da ma'adinai da ake kira firimis. Bayan kamar wata biyu ƙwai ya fara canjawa. Ɓawo ya yi fyaɗe, in ka riƙe shi da ɗan ƙarfi sai yatsa ya shige. Wasu kajin suna sako ƙwai ba ɓawo sam, sai tantani. Daga nan wasu suka fara gurfana a keji, ba sa iya miƙewa su kai baki ga abinci.

Sai ya kira ni a waya, domin ya san abincin dabbobi na karanta kafin rubutu ya janye ni. "Kai ɗan boko," in ji shi, "zo ka ga ikon Allah. An ce mini wai bitamin D ne babu. A ƙasar da rana ke ƙona ƙeya? To na ma saya na ba su, mako biyu ke nan, ba abin da ya sake."

Da na je na ce, "Kawu, ina kwalbar maganin?" Ya miƙo mini. Irin na mutane ne, daga kemis ya sayo, kowace ƙwaya tana ɗauke da ma'auni 50,000, kuma kullum yana fasa guda biyu a tankin ruwan sha. Na juya bayan kwalbar. A jikinta an rubuta D2.

Wannan 'yar lambar da ke bin harafin ita ce dalilin rubutun nan. Amma bari in fara da hujjar Kawu ta rana, domin hujja ce mai ƙarfi, kuma na sha jin ta a bakin mutane masu ilimi.

Gaskiya ne jikin kaza, kamar na mutum, yana ƙera bitamin D da kansa. Akwai wani sinadari ɗan uwan kolestarol a cikin fata, idan wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, wanda masana ke kira UVB, ya sauka a kansa, sai ya juye ya zama D3. Sharaɗin shi ne hasken ya taɓa fatar. Gashin kaza ya rufe kusan dukkan jikinta, shi ya sa fatar ƙafafu, inda babu gashi, ta fi sauran jiki tara wannan sinadari nesa ba kusa ba. Kazar Hausa da ke yini tana tone-tone a tsakar gida tana karɓar rabonta ba tare da kowa ya sani ba, kuma ƙwan da take yi a shekara ba shi da yawa. Kazar keji kuwa tana ƙarƙashin kwano tun ranar da aka kawo ta. UVB ba ya ratsa kwano, ba ya ma ratsa gilashin taga. Zafin rana ne yake isa gare ta, amfanin ya tsaya a kan rufi. Kaza ce ta kwana kan dami da yunwa, sai dai wannan karon rashin sanin na mai ita ne.

Kiwon kaji a ɗaki kansa ɗan wannan bitamin ne. A farkon ƙarni na 20, manoman ƙasashen sanyi in suka kulle 'yan tsaki a ɗaki lokacin hunturu sai ƙafafunsu su mutu, ba wanda ya san dalili. A 1922 masana a Jami'ar Wiskonsin ta Amurka, Hart da Halpin da Steenbock, suka nuna cewa man hantar wani kifin teku yana hana wannan ciwo. A shekarar ce kuma Elmer McCollum ya tabbatar da cewa abin da ke cikin man nan mai warkar da laushin ƙashi bitamin ne na daban, aka ba shi harafi na huɗu. Daga nan ƙofa ta buɗe ga tara dubban kaji a ƙarƙashin rufi ɗaya. Duk wanda ya raba kaza da rana ya ci bashi ke nan, kuma a cikin kwanon abinci zai biya.

To ina D2 ya fito? A 1924 Steenbock ya gano cewa in aka haska wasu abinci da fitila mai irin wancan haske, sai su sami ƙarfin warkar da laushin ƙashi. Ba a jima ba aka gane cewa wani sinadari da ke cikin yis da dangin laimar kwaɗi shi ma yana juyewa haka. Aka samu magani mai araha wanda ya fi man kifi sauƙin sha, yara suka warke, aka yi murna. A wancan zamani da ɓeraye ake auna ƙarfin bitamin D, kuma ɓera ba ya nuna bambanci tsakanin na yis da na kifi. Kowa ya ɗauka abu ɗaya ne.

Kaza ce ta tona asiri. A 1930 wasu masu bincike biyu, Massengale da Nussmeier, suka ba 'yan tsaki nau'in biyu a ma'aunin da ɓera ya ce daidai suke. Waɗanda suka sha man kifi suka miƙe, waɗanda suka sha na yis suka ci gaba da gurfana sai da aka ninka musu shi sau da yawa. A 1934 wani mai suna Waddell ya nuna cewa in kolestarol na jikin dabba aka haska, abin da ke fitowa yana yi wa tsaki aiki kamar man kifi. A 1936 ɗakin binciken Adolf Windaus a Jamus, wanda ya riga ya karɓi kyautar Nobel a 1928, ya fayyace siffar wannan nau'i, aka kira shi D3. Mai tambayar ina D1 ya shiga, amsar ita ce an gano gauraye ne na D2 da wani sinadari, sai aka jefar da sunan. Har yau in ka ci karo da tsofaffin littattafan kiwo za ka ga suna auna bitamin D da abin da suke kira ma'aunin tsaki, don bambanta shi da ma'aunin ɓera.

A takarda bambancin su biyun ƙanƙane ne. D3 yana da ƙwayar kabon 27, D2 yana da 28 da wani ɗan ƙarin ɗauri a jelarsa. Amma bitamin D ɗan gidan mai ne, ba ya narkewa a ruwa, saboda haka ba ya iya yawo a jini shi kaɗai. Sai hanta ta ƙera masa wani furotin ɗan dako da zai goya shi. Ɗan dakon da ke jinin kaza yana riƙe D3 da 'ya'yansa gam, D2 kuwa riƙon sakainar kashi yake yi masa. Abin da ba a riƙe da kyau ba, jiki yana saurin share shi daga jini ya zubar. Shi ya sa a jikin kaza ƙarfin D2 bai wuce kamar kashi ɗaya cikin goma na D3 ba, wasu gwaje-gwajen ma ƙasa da haka suka nuna. A jikin mutum D2 yana aiki, ko da yake D3 ya fi shi daɗewa a jini, don haka mai kemis bai cuci Kawu ba. Maganin gaske ya sayar masa, na wata halitta daban.

Na zauna na yi wa Kawu lissafi a bayan kwalin ƙwai. Kaza mai ƙwai tana cin giram kamar 115 a rana, kaji 400 sun ci kilo 46 ke nan. Abincin kamfani mai kyau yakan ɗauki ma'auni kamar 3,000 na D3 a kowane kilo, wato garken yana samun kusan 138,000 a yini. Ƙwayoyinsa biyu 100,000 ne a rubuce, a jikin kaza kuwa 10,000 in an yi sa'a. Ko mafi ƙarancin buƙata da kwamitin binciken Amurka ya ƙayyade a 1994, wato 300 a kilo, bai kai ba. Ga shi kuma mai ne a cikin ƙwayar, yana zuba shi a tanki yana tasowa sama ya manne a bango. Kawu ya yi shiru, can ya ce, "Ashe tanki nake yi wa magani."

Shi kansa D3 ɗin, yadda aka ci shi ko yadda fata ta ƙera shi, ba ya aikin komai tukuna. Zango biyu ne a gabansa. In ta abinci ya zo, hanji yana tsotse shi tare da mai, da taimakon ruwan matsarmama. Ya isa hanta, ta ɗora masa wani ɗan ƙari ya zama abin da ake rubutawa 25-OH-D3, ko kalsidayol. Wannan shi ne ajiyar da ke zagaya jini, shi ake aunawa in ana son sanin ko jiki ya ƙoshi da bitamin D. Zango na biyu ƙoda ce. Idan kalsiyam ya yi ƙasa a jini, wasu 'yan ƙananan ƙulli da ke gindin wuyan kaza suna aika saƙo, ƙoda ta ɗora ƙari na biyu, a sami kalsitirayol. Shi ne mai aikin, kuma a haƙiƙa ya fi kama da homon a kan bitamin. Yana umartar bangon hanji ya buɗe ƙofofin ɗaukar kalsiyam da fosfaras, yana kuma taya jiki ciro kalsiyam daga ƙashi in buƙata ta matsa.

Abin da ke burge ni shi ne yawancin wannan ilimi, wanda yau likitoci ke amfani da shi a kan masu ciwon ƙoda, daga cikin kaza aka tono shi. A hanjin tsaki Wasserman da Taylor na Jami'ar Cornell suka gano furotin mai kama kalsiyam a 1966. Ɗakin binciken Hector DeLuca a Wiskonsin ya bayyana kalsidayol a 1968. A 1970 Fraser da Kodicek a Kambirij ta Ingila suka nuna da ƙodar kaza cewa a nan ake ƙarasa aikin, shekara ɗaya bayan haka aka fayyace siffar kalsitirayol daga abin da aka tato a hanjin kaji. Muna yanka ta ranar Sallah ba mu san bashin da take bin mu ba.

Babu dabbar gida da ke matsa wa wannan tsari kamar kaza mai ƙwai. Ɓawon ƙwai ɗaya yana ɗauke da kalsiyam kamar giram 2, kusan kashi goma cikin ɗari na duk wanda ke jikinta, kuma tana yin haka kusan kullum. Ƙera ɓawon yana ɗaukar awa kamar 20, mafi yawansa da dare, lokacin da ba ta cin abinci. Don haka tun tana gab da fara ƙwai jikinta yake shimfiɗa wani ƙashi mai laushi a cikin ramin manyan ƙasusuwanta, kamar asusu: ta zuba da rana, ta cira da dare. Kalsitirayol ne ke kula da shiga da fitar. In ya yi ƙaranci, abin da ke shiga daga hanji ba ya isa, asusun ya ƙare, sai ta koma cin uwar kuɗi, wato ƙashin da ke riƙe da jikinta. Kazar da ta gurfana a keji ta riga ta sayar da ƙafafunta ne don ta cika kiret ɗin mai ita. A 'yan tsaki kuwa alamar ita ce baki mai lanƙwasa kamar roba, ƙashin ƙirji a karkace, da ƙulle-ƙulle a mahaɗar haƙarƙari.

Kada kuma a juya maganar a ce bitamin D shi ne komai. Mabuɗi ne, in rumbun ba hatsi buɗe shi ba ya ƙosarwa. Abincin kaza mai ƙwai yana buƙatar kalsiyam kusan kashi 4 cikin ɗari, kuma gara wani kaso na farar ƙasar ya zama mai tsakuwa-tsakuwa, a ba da shi da yamma, ya zauna a ƙundu yana narkewa a hankali cikin dare. Mu ma mutane mun ga irin wannan: binciken da aka yi a Jos aka buga a 1999 ya nuna yaran da ke fama da laushin ƙashi a can sun fi warkewa da kalsiyam a kan bitamin D shi kaɗai. Su rana ta ishe su, abincin ne ba kalsiyam. Kajin Kawu kuwa farar ƙasa ta ishe su, ranar ce babu.

Tunda an san zangunan, kamfanoni sun fara sayar da bitamin da ya riga ya tsallake wani zango. Akwai 25-OH-D3, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Hy-D, ana sa maikirogiram kamar 69 a kilon abinci. Ba ya jiran hanta, kuma hanji ya fi saurin tsotse shi. Akwai wanda ake kira 1-alfa, shi kuma aikin ƙoda aka riga aka yi masa, saura na hanta. Akwai ma wanda aka tato daga ganyen wani tsiro ɗan dangin gauta da ke fitowa a fadamun Ajantina, mai ɗauke da kalsitirayol gamamme. Yadda aka gano tsiron ya isa gargaɗi: shanun da ke kiwo a cikinsa ne suke ramewa suna ƙagewa, in an feɗe su a tarar kalsiyam ya daskare a jijiyoyin jini da huhu.

Ra'ayina a kan waɗannan shi ne, gwargwadon yadda nau'i ya kusanci zangon ƙarshe, gwargwadon yadda ya ƙwace wa jiki linzami. D3 na yau da kullum yana da faɗin gafara, domin ƙoda ce ke yanke adadin da za a kunna. Wanda ya tsallake ƙoda ba mai tsayar da shi, ɗan kuskuren awo sai ya zama guba, ƙodar ce ma ke fara lalacewa. Abin da ake aunawa da maikirogiram ba na mai gauraya abinci da shebur a kan siminti ba ne. Ga masu kajin ƙyanƙyasa akwai wani ƙarin darasi: gwaje-gwajen 1978 sun nuna kajin da aka ba kalsitirayol kaɗai suna yin ƙwai mai kyawun ɓawo, amma yawancin 'ya'yan suna mutuwa a ciki, domin wannan nau'i ba ya shiga gwaiduwa yadda ya kamata. Ɗan tsaki a cikin ƙwai da D3 da kalsidayol da uwarsa ta ajiye masa yake samun ikon jan kalsiyam daga ɓawon da ke kewaye da shi.

Nau'in 25-OH-D3 ne nake ganin yana da gurbi a wurinmu, a matsayin ƙari kan D3, saboda hantar kajinmu tana shan wahala. Masara da tunkuza da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin, wadda duniya ta fara sani a 1960 lokacin da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan cin garin gyaɗa da aka kawo daga Birazil. Hanta wannan guba take fara kamawa, kuma hantar da ta raunana ba ta cika zangon farko da kyau. Haka tsohuwar kaza mai kitse a hanta, ko garken da ciwon hanji ya ratsa. Amma kafin mutum ya kashe kuɗi a nan, ya fara shinshina masararsa. Sayen bitamin mai tsada a zuba kan ruɓaɓɓiyar masara ɓarnar kuɗi ce sau biyu.

Da likitan dabbobi ya zo gonar Kawu washegari, bai daɗe ba ya gano tushen. Firimis ɗin awo aka sayar masa daga buɗaɗɗen buhu, ba takarda, ba ranar ƙarewa, a wani shago da kwano ke gasawa tun safe. D3 yana lalacewa da zafi da danshi da iska, musamman in an gauraya shi da ma'adinai irin su ƙarfe da tagulla. Kawu kuma, don tsimi, rabin abin da aka ce yake zubawa. Likita ya tambayi sauran abubuwan da kan ɓata ɓawo, ya cire su ɗaya bayan ɗaya: zafin bazara da ke sa kaza haki har jininta ya rasa sinadarin haɗa ɓawo, tsufa da ke sa ƙwai girma alhali ɓawon da ake shimfiɗa masa bai ƙaru ba, da cututtukan numfashi da ke taɓa mahaifar ƙwai. Da ɗayan waɗannan ne, ko buhu guda na D3 ba zai gyara ba.

Abin da ya rubuta ba shi da tsada: ruwan bitamin na kaji mai narkewa a ruwa, wanda aka rubuta AD3E a jikinsa, na 'yan kwanaki, da sabon firimis na kajin ƙwai a rufaffen buhu mai lambar NAFDAC da ranar ƙarewa, a zuba cikakken awo, a fara cuɗa shi da ɗan garin masara kafin a watsa cikin tarin. Ina ganin ya dace masu sa ido su leƙa shagunan da ke sayar da wannan gari da mudu, domin mai kiwo ba shi da hanyar gane mataccen firimis da ido, launinsa da warinsa duk ɗaya ne da mai rai.

Cikin kwana goma ɓawo ya fara ƙarfi, masu shayi suka dawo. Kaji 23 da suka riga suka gurfana ya fitar da su daga keji ya sake su a wani ɗan shinge da rana ke sauka. Goma sha huɗu sun miƙe, sauran ƙashinsu ya riga ya karye, aka yanka. Ragowar ƙwayoyin D2 kuwa ya ce kada a zubar, zai kai wa likitansa ya tambaya ko shi za su yi masa amfani a gwiwa.